Muhawara: Shin rinin p27 da saikilin D1 zai iya raba adinoma da kansar tayiroid?

Dakta Zulai:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan ƙarin tayiroid (gland ɗin da ke gaban wuya) ne mai tsarin folikula, wato 'yan ƙananan jakunkuna irin na asalin naman tayiroid, wanda yake zuwa a naɗe cikin kwansonsa. Duk mun san inda gizo ke saƙar: abin da aka zuƙo da allura ba ya raba adinoma (ƙari marar illa) da kasinomar folikula (kansa), rahoto sai ya tsaya a rukuni na 4 na tsarin Bethesda da ake rarraba sakamakon allura da shi, dole a cire rabin tayiroid a duba kwanso da jijiyoyin jini. To amma rubuce-rubuce da dama na cewa furotin p27 na raguwa a kansa, saikilin D1 na ƙaruwa, Ki-67, furotin da ke nuna sel ɗin da suka kama hanyar rabuwa, shi ma na hawa. In haka ne, me zai hana a rina waɗannan ukun, wato a sa musu launi don a gan su a madubi, a kan abin da allura ta kawo, a hutar da mara lafiya daga fiɗar da ba ta zama dole ba? Kuma in za a yi, wane adadi ne iyaka?

Farfesa Garba:
Wa alaikumus salam Dakta. Kafin a je ga rini, a fara sanin aikin kowanne, don amsar tana cikin aikin nasu.

Sel kafin ya rabu biyu yana bin matakai huɗu: G1, sai S inda ake kwafar DNA, sai G2, sai M inda rabuwar ke faruwa. Wanda ya huta ya fita daga wannan zagayen yana G0, kuma nan ne kusan duk sel ɗin tayiroid na baligi suke zaune. Shi ya sa in kika rina Ki-67 a lafiyayyen tayiroid da ƙyar za ki ga sel 1 cikin 100 ya kama.

Ƙofar da ta fi muhimmanci tana ƙarshen G1. Furotin Rb yana riƙe da E2F, ya hana shi kunna ƙwayoyin gadon da ake buƙata a matakin S. Idan saƙon girma ya iso, sel sai ya ƙera saikilin D, ta haɗu da CDK4 ko CDK6, su ɗora wa Rb fosfet. Riƙon ya fara sassauta, E2F ya kunna saikilin E, ita kuma ta haɗu da CDK2 su ƙarasa sakin Rb gaba ɗaya. Daga nan ba komawa. A ɗauki waɗannan a matsayin totur. Birki kuwa gida biyu ne. Gidan INK4, wato p16, p15, p18 da p19, CDK4 da CDK6 kaɗai suke tarewa. Gidan CIP/KIP, wato p21, p27 da p57, sun fi matsa wa CDK2. Shi p53 yana sama da su: in DNA ta lalace, shi ke kunna p21 a tsaya a gyara, in gyara ya faskara ya tura sel ya mutu.

Yanzu ga amsarki a taƙaice: gaskiya ne in aka jera lafiyayyen tayiroid, maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle, adinoma, kasinomar folikula, har zuwa anafilastik, wato kansar tayiroid mafi zafi, matsakaicin p27 na cikin cibiyar sel yana ta sauka ne. Amma wannan matsakaicin rukuni ne. Za ki sami adinoma da p27 ɗinta ya yi ƙasa da na kasinoma da dama, ki sami kasinoma mai ɗan kutse kaɗan da p27 ɗinta ke cike. Adadin ɓangarorin biyu sun shiga cikin juna sosai, duk inda kika ja layi sai kin bar kansa a gefen marasa illa.

Dakta Zulai:
Na gode Farfesa. To in an haɗa ukun a lokaci guda fa? Ko da ɗaya ya yi kuskure, ai sauran biyun za su gyara.

Farfesa Garba:
Da za su gyara in da abu uku daban-daban suke aunawa. Amma dukkansu labari ɗaya suke bayarwa: yawan sel ɗin da suka bar hutu. Abin da ya mai da ƙarin folikula kansa kuwa ba saurin rabuwa ba ne, kutse ne. Ya fasa kwanso ko ya shiga jijiya. Ƙari na iya rabuwa a hankali ƙwarai amma ya shiga jijiyar jini, bayan shekaru ya bayyana a ƙashi ko huhu.

Dakta Nafi'u:
Ina so in ƙara wani abu a kan p27 da ba kasafai ake faɗa ba, kuma shi ne ya sa na fi Farfesa ma rashin yarda da shi a tayiroid.

Na farko, a sel ɗin tayiroid p27 ba birki ne zalla ba. Masu bincike a Burasel da suka daɗe suna aiki da sel ɗin tayiroid na kare sun nuna cewa idan TSH, sinadarin jiki da ke zaburar da tayiroid, ya tura sel ya rabu ta hanyar saƙon cikin sel da ake kira cAMP, ba saikilin D1 yake ƙarawa ba. Saikilin D3 ce ake buƙata, ita ke haɗuwa da CDK4, kuma abin mamaki p27 ƙaruwa yake yi a lokacin, ba raguwa ba. Dalili shi ne p27 na taimaka wa saikilin D da CDK4 su haɗu su shiga cibiyar sel, kuma yayin da yake maƙale a can ya bar CDK2 a sake. Ke nan ganin p27 da yawa a gilashi ba shaida ba ce cewa sel na hutawa. Wannan ya dace da abin da ake gani a cutar Graves, inda tayiroid ke aiki fiye da kima: sel sun yi tsayi, sun yi tsiro kamar na kansar fafilari, amma p27 na nan a cibiya.

Na biyu, raguwar p27 a kansa yawanci ba daga ƙwayar gadonsa take ba. Ƙwayar gadon, CDKN1B, wadda ke kan kuromosom 12, ba safai take sauyawa a ƙarin tayiroid ba. Furotin ɗin ne ake lalatawa bayan an ƙera shi: saikilin E da CDK2 su ɗora masa fosfet a gurbi na 187, Skp2 ya gane shi ya miƙa shi a narkar. Ko kuma AKT ya ɗora masa fosfet a gurbi na 157, sai ya kasa shiga cibiya, ya tsaya a ruwan sel. A wannan hali furotin ɗin na nan, amma ba a wurin aikinsa ba. Duk wanda ya ƙirga launin ruwan sel tare da na cibiya ya ɓata lissafinsa. Cibiya kaɗai ake ƙirgawa, launin ruwan sel a rubuta shi daban.

Masu auna RNA ma su lura, sau da yawa ba za su ga wani bambanci ba, saboda matsalar ba a can take ba.

Sadiya:
Malamai a yi haƙuri da ɗaliba. In CDKN1B ba ta sauyawa, me ya sa ake ambatonta a cututtukan gado na gland?

Dakta Nafi'u:
Tambaya ce mai kyau Sadiya. Wannan wani babi ne. Akwai iyalan da ke gadon lalatacciyar CDKN1B tun daga haihuwa, shi ake kira MEN4, an bayyana shi a 2006 bayan an fara ganin irinsa a ɓeraye. Amma ƙarin da suka fi samu na faratayiroid ne da na fituwitari. Kada ki haɗa shi da MEN2, wanda RET ke jawowa, shi ne mai kawo kansar medulari, wani nau'in kansar tayiroid da ba daga sel ɗin folikula yake fitowa ba.

Malam Habu:
Ranka ya daɗe Farfesa, ku kuna maganar ma'anar sakamako, ni kuwa bari in yi maganar yadda sakamakon ke lalacewa tun kafin ya iso teburinku. Rabin saɓanin da ke tsakanin rahotanni a kan waɗannan furotin daga ɗakin gwaji yake tasowa.

Nama ya shiga fomalin mai kashi 10 cikin 100, wanda aka daidaita tsaminsa, cikin awa ɗaya da cirewa. Ruwan ya ninka girman naman aƙalla sau 10. Ya zauna tsakanin awa 6 zuwa 72. Fomalin na ratsa nama a hankali ne, don haka in aka jefa ƙari mai faɗin santimita 4 ko 5 ɗungurungum ba a tsaga shi ba, gefe zai kamu, tsakiya ta kwana tana lalacewa. Sai ka ga rini ya yi kyau a kusa da kwanso, ya dushe a ciki, mai karatu ya ce p27 ya ragu a tsakiyar ƙari. Ba raguwa ba ce, fomalin ne bai isa ba. Amma kuma kada a tsattsaga yadda za a lalata kwanso: a shafa tawada a waje tukuna, sannan a yanka.

Yankan gilashi maikuromita 3 zuwa 4, a kan gilashi mai riƙe nama. In an yanka, a rina cikin 'yan makonni. Gilashin da aka yanka aka ajiye watanni a zafi da iska, Ki-67, p53 da p27 duk dushewa suke yi. Bulon kaki ya fi jure ajiya, a koma a yanko sabo.

Wajen farfaɗo da antijin da zafi, ko ruwan sitiret mai pH 6 ko Tris-EDTA mai pH 9. Kowane antibodi a gwada masa wanda ya fi karɓa, kuma in an zaɓa a tsaya a kai. Ga saikilin D1, SP4 na zomo ya fi tsofaffin antibodi na ɓera kamawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a kwatanta adadin tsofaffin rahotanni da na yanzu kai tsaye. Ga Ki-67 MIB-1 ne aka saba, ga p53 DO-7, ga p16 E6H4. A kashe ferokzides na cikin nama da haidurojin ferokzaid mai kashi 3, tayiroid na da jini sosai.

Sai babban tarko: sel ɗin onkosaitik, waɗanda aka fi sani da sel ɗin Hürthle. Cike suke da maitokondiriya, su kuwa suna ɗauke da bayotin na halitta. In tsarin ganowarku mai amfani da abidin da bayotin ne, ruwan sel zai yi launin ƙasa-ƙasa ko da ba a sa antibodi ba sam. Magani shi ne a koma tsarin folima wanda ba ruwansa da bayotin, ko a toshe bayotin ɗin tukuna, kuma kullum a tafi da gilashi ɗaya da ba a sa masa antibodi ba.

Farfesa Garba:
Madalla Malam Habu. Ka manta shaidun cikin gilashi, wato sel ɗin da ke nuna ko rinin ya yi.

Malam Habu:
Haka ne ranka ya daɗe. Ga saikilin D1, sel ɗin da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin jini dole wasu su kama a cibiya. Ga p27, ƙananan limfosait masu hutawa su kama sosai. Ga Rb, sel ɗin jijiya da na naman da ke kewaye. Ga p53, a ga ɗaiɗaikun sel marasa ƙari da launi mai rauni nan da can. In waɗannan ba su fito ba, ba a cewa ƙari bai kama ba, sai dai a ce rini bai yi ba, a sake. Naman tonsil shi ne mafi sauƙin shaidar waje, yana yi wa kusan dukkansu.

Game da tambayar Dakta Zulai ta asali kuma, abin allura ya fi wuya. In an zuba shi a ruwan adana mai alkohol kafin a yi bulon sel, Ki-67 na iya fitowa ƙasa da gaskiyarsa. Sel ɗin ma ba su da yawa, wani lokaci ba za ka sami 200 da za ka ƙirga ba.

Dakta Rabi'u:
Daga ɓangaren masu fiɗa. Abin da nake nema a rahoton ƙarin folikula abu uku ne: an duba kwanso duka ko wani yanki? Akwai kutse ta kwanso? Jijiya nawa ya shiga, ƙasa da 4 ko 4 zuwa sama? Wannan ne ke yanke ko rabin da aka cire ya wadatar, ko a koma a cire sauran a bi da ayodin mai haskawa. Rahoton da ya ce "p27 kashi 40" bai canja min komai ba. Gara a kashe ƙarfin a kan ƙara bulo daga kwanso.

Farfesa Garba:
Ka faɗi gaskiya Dakta. Ƙari mai kwanso a yanka shi milimita 2 zuwa 3, yankan ya faɗa a tsaye kan kwanso, a sa kwanson gaba ɗaya in zai yiwu. In an ga wurin da ake zargi, a ƙara zurfafa yanka a bulon. Jijiyar da za a ƙirga ita ce wadda ke cikin kwanso ko bayansa, ba ta tsakiyar ƙari ba, kuma curin ƙarin ya zama yana manne da bango, an lulluɓe shi da sel ɗin jijiya ko yana tare da gudan jini. In ana shakka, rinin CD31 ko ERG, masu nuna sel ɗin jijiya, ya fi p27 amfani sau goma a wannan gaɓar.

Dakta Nafi'u:
Na yarda a kan folikula. Amma kada mu zubar da saikilin D1 gaba ɗaya. A kansar fafilari labarin ya ɗan bambanta. Ita ce mafi yawa, wajen kashi 80 zuwa 85 na kansar tayiroid, kuma kusan rabinta ko fiye na ɗauke da sauyin ƙwayar gado da ake kira BRAF V600E, wasu kuma haɗuwar RET. Duk waɗannan suna kunna hanyar MAPK, wadda ɗaya daga ayyukanta na farko shi ne ƙera saikilin D1. Shi ya sa furotin ɗin ke cika cibiyar sel a fafilari alhali ƙwayar gadonsa, CCND1 da ke kan 11q13, ba ta ninku ba. An kuma ruwaito cewa ƙananan fafilari, na ƙasa da santimita 1, waɗanda suka riga suka je kaluluwar wuya, sun fi yawan saikilin D1 da ƙarancin p27 fiye da waɗanda suka tsaya wurinsu. Wannan ba zai taimaka wajen zaɓar wanda za a sa wa ido da wanda za a yi wa fiɗa ba?

Dakta Rabi'u:
A'a Dakta, a aikace ba zai yi ba. Sa ido kan ƙananan fafilari ba tare da fiɗa ba, asibitin Kuma da ke Kobe a Japan ya fara shi tun 1993, kuma abin da ake zaɓe da shi hoton sauti ne: girman ƙarin, ko yana jingine da maƙogwaro, ko yana kusa da jijiyar murya, ko akwai kaluluwa mai alamar zargi, sai shekarun mara lafiya. Mutumin da ake sa wa ido ai ba a cire masa ƙarin ba, ina za ka sami naman da za ka rina? Wanda aka cire wa kuwa an riga an wuce wurin.

Farfesa Garba:
Ƙari a kan haka, saikilin D1 na fitowa a mafi yawan fafilari, masu zafi da masu sanyi. Abin da kusan kowa ke da shi ba ya rarrabewa. Yana fitowa a NIFTP, ƙarin folikula marar kutse mai cibiya irin ta fafilari, wanda tun 2016 aka cire masa sunan kansa. Yana fitowa a adinoma, har a wasu ƙulle-ƙullen maƙoƙo nan da can. Inda zan ba ka gaskiya shi ne in launin ya cika cibiya ko'ina da ƙarfi, a ƙari mai tsarin raga-raga da dunƙulallun sel, musamman a budurwa ko matashiya. Nan sai a rina beta-katenin. In ya shiga cibiya, wannan kasinomar kiribrifom-morula ce, saikilin D1 ɗin daga hanyar Wnt yake fitowa, kuma dole a bincika ko akwai cutar gado ta tsiron hanji mai alaƙa da APC, a duba hanjinta da na danginta. Amma ka ga a nan ma beta-katenin ne ya yi aikin.

Dakta Nafi'u:
Na karɓi batun sa ido. Amma ina nan kan cewa haɗin saikilin D1 sama da p27 ƙasa na faɗin wani abu game da halin ƙarin, ko da ba mu iya juya shi zuwa shawara ba tukuna.

Farfesa Garba:
Yana faɗa, ban musa ba. Sai dai sauyin da ke gaban ƙwayar gadon TERT, C228T ko C250T, in ya haɗu da BRAF, ya fi shi faɗa da ƙarfi, kuma amsarsa e ce ko a'a, ba kashi-kashin da mutum biyu za su karanta daban ba.

Dakta Zulai:
To Farfesa, ke nan duk waɗannan rinin ba su da gurbi a aikin yau da kullum?

Farfesa Garba:
Suna da shi, amma a ɗaya ƙarshen, inda kika riga kika san kansa ce, kina tambayar zafinta. Rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya sa wannan a fili.

Kansar da ta fito daga sel ɗin folikula, fafilari ce ko folikula ko onkosaitik, in tana riƙe da kamanninta amma aka ƙirga rabuwar sel 5 ko fiye a murabba'in milimita 2, ko aka ga mataccen naman ƙari, ta shiga babban mataki. Ita kuma wadda ta fara rasa kamanni ana bin sharuɗɗan Turin: tsari dunƙulalle ko jere-jere ko tsibiri-tsibiri, ba alamun cibiyar fafilari, sannan ɗaya daga cikin uku, wato cibiya mai murɗe-murɗe, rabuwa 3 ko fiye a murabba'in milimita 2, ko mataccen nama. Lura cewa iyakar ba ɗaya ba ce, 5 a can, 3 a nan.

A medulari ne Ki-67 ya shiga ma'auni da kansa. Babban mataki shi ne ɗaya daga cikin waɗannan: Ki-67 kashi 5 ko fiye, rabuwa 5 ko fiye a murabba'in milimita 2, ko mataccen nama. Ɗaya ya isa. Don haka duk medularin da ya zo, a rina Ki-67.

Wajen ƙirga rabuwa, a daina cewa "fili 10" kawai. In lambar filin madubinki 20 ce, a gilashin ƙarawa 40 faɗin fili milimita 0.5 ne, fili 10 sun ba ki kusan murabba'in milimita 2. In lambar 22 ce, faɗin 0.55 ne, kowane fili kusan 0.24, fili 8 da ɗan ɗori sun isa. Wanda ya ƙirga 10 a wannan madubin ya wuce gona da iri, kuma a kan iyakar 3 ko 5 wannan na iya canja mataki.

Malam Habu:
A kan Ki-67 ɗin ma, a nemi wurin da launi ya fi yawa a ƙaramin ƙarawa, a ɗauki hoto, a buga ko a buɗe a kwamfuta, a ƙirga sel ɗin ƙari aƙalla 500, in da hali har 2000. Kimantawa da ido a kusa da kashi 5 caca ce. Duk cibiyar da ta kama, ko da rauni, ana ƙirga ta.

Abubuwa biyu ke kumbura adadin. Limfosait, musamman in akwai cutar Hashimoto, wadda garkuwar jiki ke kai wa tayiroid hari, a gefe, don cibiyoyin tsirarsu cike suke da Ki-67. Sai hanyar da allura ta bi makonni kafin fiɗa: wurin na cike da sel masu gyaran rauni, suna rabuwa, har da ɗan mataccen nama da ba na ƙari ba ne. A kauce wa wurin. Naman da aka jiƙa a asid don narkar da ƙashi-ƙashin cikinsa ma ba a yarda da Ki-67 ɗinsa, a yi amfani da EDTA in dole ne.

Ga wani abin lura: akwai ƙarin da ake kira hayalinaizin tirabekula, wanda a allura yake kama da fafilari. MIB-1 a cikinsa bangon sel yake kamawa, ba cibiya ba, kuma sai in an yi rinin a zafin ɗaki. Na'urar da ke aiki a digiri 37 takan ɓatar da wannan alamar. In likita ya nemi wannan gwajin, a yi shi da hannu.

Sadiya:
p53 fa? Na ga wasu na rubuta "p53 ya kama, kashi 20".

Farfesa Garba:
Wannan rubutun bai faɗi komai ba 'yata. Lafiyayyen p53 ba ya daɗewa, cikin mintuna ake narkar da shi, shi ya sa ake ganinsa a ɗaiɗaikun sel da ƙarfi mabambanci. Wannan shi ne kashi 20 ɗin da kika gani, kuma al'ada ce. Alamar sauyin TP53 fuska uku gare ta: ko kusan duk cibiyoyi su kama da ƙarfi bai ɗaya, ko babu ko ɗaya alhali sel ɗin kewaye sun kama, ko launin ya tare a ruwan sel. Fuska ta biyu ce ake yawan kuskurewa, a rubuta "bai kama ba, lafiya lau".

A fafilari da folikula na yau da kullum sauyin TP53 ƙalilan ne ƙwarai, don haka ba shi da amfani wajen raba adinoma da kasinoma. A anafilastik kuwa fiye da rabi na ɗauke da shi. Amfaninsa shi ne in kika ga fafilari a tsoho, sai wani yanki ya canja kama, sel sun zama dogaye ko manya-manya, cikin furotin masu nuna asalin tayiroid, tayiroglobulin ya ɓace, TTF-1 ya dushe, PAX8 wataƙila na nan. In p53 ya juya a wannan yankin kaɗai, Ki-67 ya yi tsalle zuwa kashi gommai, kin kama wurin da ƙarin ya rikiɗe. Komai ƙanƙantar yankin sai an rubuta shi.

p16 ma haka yake da fuska biyu. BRAF in ya kunnu a sel, sel ɗin kan mai da martani da ƙera p16 da p21 don ya tsayar da kansa, shi ya sa za ki ga p16 a fafilari masu sanyi. A anafilastik sau da yawa an goge CDKN2A da ke kan 9p21 ɗungurungum, p16 ya ɓace. Ke nan kamawarsa ba alamar zafi ba ce a nan, kuma ba ruwansa da ƙwayar cutar HPV kamar yadda ake karanta shi a bakin mahaifa.

Dakta Hauwa:
Tunda an zo nan, in sa baki daga ɓangaren magani. Magungunan da ke tare CDK4 da CDK6, wato palbociclib, ribociclib da abemaciclib, an amince da su ne a kansar nono, na farkon a Amurka a 2015. A tayiroid har yanzu a matakin gwaji suke, ba maganin da aka tsayar ba ne. Hankali ya karkata gare su saboda abin da Farfesa ya faɗa: ƙarin da ya rasa p16 ya bar CDK4 a sake. Amma sharaɗi shi ne Rb ya kasance da rai. In ƙarin ya rasa Rb, E2F a sake yake tun farko, tare CDK4 ba zai tsinana komai ba. Ko da Rb na nan, ƙari kan kewaye ta hanyar ƙara saikilin E da CDK2. Ga kuma faɗuwar fararen ƙwayoyin jini da suke jawowa, abemaciclib har da gudawa.

Abin da nake roƙo daga ɗakin gwaji in anafilastik ya zo shi ne sakamakon BRAF V600E cikin kwanaki, ba makonni ba, ko da ta rinin VE1 mai kama wannan sauyin ne. Haɗin dabrafenib da trametinib an amince da shi ga masu wannan sauyin tun 2018, kuma cutar ba ta jira.

Dakta Zulai:
Na fahimta. Ga ƙarin da ke rukuni na 4 a allura, in akwai halin gwajin ƙwayoyin gado sai a nemi RAS, PAX8-PPARG da TERT, in babu a cire rabi a bi kwanso. Tambaya ta ƙarshe Farfesa: in kwanso lafiya yake ko'ina, ba kutse, amma na ƙirga rabuwa 4 a murabba'in milimita 2 kuma Ki-67 ya kai kashi 6, me zan rubuta?

Farfesa Garba:
Da farko ki tabbata ba a hanyar allura kika ƙirga ba, kuma abin da kika gani rabuwa ce, ba sel mai mutuwa da cibiyarsa ta dunƙule ta yi baƙi ba. Rinin PHH3, mai kama sel ɗin da ke tsakiyar rabuwa, zai taimaka. In adadin ya tabbata, ki koma kan naman: duk abin da ya rage na kwanso ya shiga bulo, wanda aka riga aka yanka a ƙara matakai uku a kowanne. In har yanzu ba kutse, ba za ki kira shi kasinoma saboda Ki-67 ba. Amma kada ki rubuta "adinoma" ki yi shiru. Ki sa adadin rabuwar da na Ki-67 a rahoto, ki faɗi cewa an duba kwanso duka, ki nemi wani abokin aiki ya sake dubawa, kuma ki ba da shawarar a ci gaba da bibiyar mara lafiya da hoton wuya. In cibiyoyin sel na da alamun fafilari, ki tuna rabuwa 3 ko fiye a murabba'in milimita 2 ta fitar da shi daga NIFTP.

Dakta Rabi'u:
Irin wannan rahoton zan iya aiki da shi. A ƙara min girman ƙarin da nisansa da gefen yanka.